Eriyar Baba a Kan Soro

A lungunmu na Fagge, namiji ba ya hawa soro haka kawai. Sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya: "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" Sannan ya jira har a amsa daga maƙwabta, "An ji, a hau." Makewayinmu duk katanga ce ba rufi, wanda ke sama yana ganin cikin gidan kowa. Ko mai yaɓe aka kira kafin damina, da wannan shela yake fara aiki. Dole in fara da wannan, don yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa na taɓa jin kunyar a ce ni 'yar babana ce ba.

Kakata ta wajen uba, Inna Yalwa, ita ce mai tatsuniyar gidanmu. Da an ci tuwo sai ta jawo tabarma kusa da murhu, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta. A gefenta kullum akwai aminiyarta, Ya Falmata, tsohuwar gidan da ke jikin katangarmu. Mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano, ɗanta Malam Bukar yana sayar da yadi a Kantin Kwari. Ita ta karɓi haihuwar Baba, ita ta yi masa wankan farko. Aikinta a wajen tatsuniya shi ne ƙaryata Inna.

"Kai Yalwa, ji tsoron Allah! Kurar nan ba jiya kika kashe ta ba?"

"To ta tashi. Ke kika yi mata sutura?"

Mu kuwa dariya har da birgima.

Baba shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In tana da saƙo sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ruwan randa ya ƙare." Alkunya ce ta mutanen da, ban taɓa jin ta karya ta ba.

Baba a tashar jirgin ƙasa yake aiki, kuma mutum ne mai son haɗe-haɗe. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya sayo tsohuwar rediyo mai batir a wajen wani mai gyara a Sabon Gari. Mai gyaran ya ce ba za ta yi magana da kyau ba sai an ɗaura mata eriya a sama. Baba ya ce shi zai haɗa abinsa. Ya kwance wayar da babarmu ke shanya a kai, tana ta mita. Ya zare gora biyu daga rumfar awaki. Ya fasa kwalaben man ja ya cire wuyansu, wai a nan zai ɗaura wayar don kada ta taɓa gora. Ya kuma kafa doguwar ƙusa a gindin randa inda ƙasa ke da laima, ya ja wata wayar daga nan zuwa rediyon. Ranar Lahadi da safe ya yi shela yadda ake yi, aka amsa, ya hau ya kafa gorarsa, ya sauko.

Da aka murɗa, sai shuuu, can ƙasa-ƙasa muryar wani mutum tana zuwa tana komawa. Baba ya yi ta fama har bayan azahar. Can ya ce, "Gorar gabas ce ta karkace!" Ya ruga ya haye tsani, bai yi shela ba.

Har yau ina jin salatin nan da ya fito daga bayan katanga. Ya Falmata ce ke wanka.

Baba ya sauko kamar zai faɗo, ya shige ɗaki. Kafin magariba duk lungu ya ji. Da an yi sa'a da a ranar aka kashe maganar, amma da dattawa suka tare shi a ƙofar masallaci sai ya ce, "Ai na yi shela da safe." Suka ce shelar safe ta safe ce. Ya ce shi ba da niyya ya yi ba, kuma wanda bai yi niyya ba me zai ba da haƙuri a kai? Ya kafe a nan. Yanzu na san kunya ce ta sa shi taurin kai, amma a lokacin ban sani ba.

Malam Bukar ya daina amsa masa sallama. Ya Falmata ta daina fitowa ko ƙofar gida, balle ta shigo namu. Ni kuwa in na je famfo ɗiban ruwa, 'yan mata su haɗa baki: "Ga 'yar mai leƙe! A kimtsa, a kimtsa!" Wayyo ni. Sai in bar layi in koma da tulu babu ruwa. In na hango Baba tafe daga tasha sai in sauya hanya. Ga gorar nan biyu tsaye a kan soronmu, ko daga bakin titi ana ganinsu, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai.

Inna ta daina tatsuniya. Takan shimfiɗa tabarmar dai, ta bar wajen Ya Falmata ba kowa, ta yi ta tsokanar toka da tsinke. Daga ɗakin Baba rediyo na ta kiɗa.

Ranar da shamuwa ta fara sauka a tsamiyar lungunmu, da aka ci tuwo, Inna ta ja tabarmarta. Ba inda ta saba ta ajiye ta ba, ta kai ta dab da ƙofar Baba, ta juya wa ƙofar baya. Ta yi gyaran murya.

"Ga wata nan tafe da ƙafarta."

Muka ce, "Ta shigo, a ba ta wuri!"

Ta ce a da can, shirwa da shamuwa ƙawaye ne, kuma dukkansu baƙin mutane ne. Kowane gida suka so suna sauka, a watsa musu tsaba. Wata rana suna shawagi tare, ba su yi motsin da za a san suna tafe ba, sai suka bi ta kan wani gida inda wata tsohuwa ta tuɓe tana wanka. Tsohuwa ta ɗaga kai, suka haɗa ido. Shirwa ta ce, "Ni dai hanyata nake bi. Sama ta ubanta ce?" Ta ƙara yin sama. Shamuwa kuwa ta sauka a bayan gari, ta naɗe fukafukanta, ta tako da dogayen ƙafafun nan nata ta tsakiyar kasuwa, yara na binta suna ihu, har ƙofar tsohuwa. Ta yi sallama, ta sunkuyar da kai.

Ƙanena ya ce, "Inna, ai ita ma ba da gangan ta yi ba."

Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Wa ya ce da gangan ne? Tsohuwar da aka gani, niyyar tsuntsu za ta ɗaura a ƙirji?"

A nan ne na lura rediyo ta yi shiru.

Ta ce tun daga ranar shamuwa ba ta sauka a gida sai ta kaɗa baki ƙwas-ƙwas don a san ta zo, mutane kuma suna murna da ita. Shirwa kuwa har gobe tana can sama tana kewaya gidajen da a da take ci a cikinsu, ba mai ce mata sauko. "Nan na sauke ta," in ji Inna, "mai so ya ɗauka." Ta tono gyaɗa ta raba mana.

Washegari da hantsi, lokacin da lungu ya cika da mutane, Baba ya tsaya a gindin tsani. "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" Ba wanda ya amsa. Ya sake. Ni ina bayan randa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai can daga bayan katanga wata 'yar siririyar murya ta ce, "An ji." Ya hau, idonsa a kan ƙafarsa, ya tuge gorar nan biyu ya sauko da su. Ya mayar wa babarmu wayar shanyarta. Sannan ya cire takalmi ya tafi zauren Malam Bukar ya durƙusa, mutane na kallo.

An yafe masa. Ya Falmata ta dawo wajen tatsuniya, ta ci gaba da ƙaryata Inna. Amma da ta ji tarin Baba a zaure sai ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma ya wuce kansa a ƙasa. Matar da ta yi masa wankan farko, ba su ƙara haɗa ido ba. Rediyon ma a ƙarƙashin gado ta ƙare.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan ladabin hawa soro ce. Sai da na haifi nawa ɗan farin, ya girma, ya hau bene yana ɗaura eriyar talabijin ba tare da ya ce wa kowa komai ba, na buɗe baki na kasa kiran sunansa, sannan na gane irin nauyin da Inna ta ɗauka a daren nan. Na kuma gane cewa mutumin da nake sauya hanya don kada a gan ni da shi, shi ne ya taka ta tsakiyar kasuwa kamar shamuwa. Wannan kunyar ta fi ta famfo ciwo, don Baba ya rasu ban gaya masa ba.

Ya Falmata ta riga shi rasuwa da shekaru masu yawa. Ranar da ta rasu, Inna ce ta shiga yi mata wanka, a makewayin nan dai mara rufi. Ba wanda ya aiki Baba. Muka ji shi a waje yana bin lungu gida-gida, yana buga ƙofa, yana kuka yana cewa, "Don Allah kada kowa ya hau sama. Ana yi wa Ya Falmata wanka."