Muryar Isufu da Na Sata

Kafin jandarma su san sunana, ni ɗan dako ne a kasuwar Malanbil, ina loda buhunan albasa a kamiyo, wato manyan motocin kaya. Ban fi kowa ƙarfi ba, amma Allah ya ba ni kunne. In mutum ya yi magana a gabana, sai in shiga tambayar kaina: sautin nan daga hanci yake fitowa ko daga maƙogwaro? Me ya sa wani yake haɗiye ƙarshen magana, wani kuma yake jan ta? Da na koma gefe sai in gwada, har muryar ta zauna a bakina.

A teburin mai shayi nake baje hajata. In kwaikwayi ma'aikacin duwan, wato kwastan, yana Hausa mai ƙanshin Faransanci, in kwaikwayi Bazabarme yana ciniki. Mutane su yi ta dariya, wani ya ce a ba ni shayi da burodi. A lokacin, kwaikwayo a wurina wasa ne kawai.

Wata rana maigidanmu Alhaji ya ƙetare gada zuwa Gaya. Abokai suka zuga ni, na kira mai tsaron magazarsa, wato ɗakin ajiyar kayansa, a waya, na yi tarin da Alhaji yake yi kafin magana, na ce a ba yaran nan buhu ɗaya. Mutumin ya ce, "To, Alhaji." Ba buhun ne ya dame ni ba, mamaki ne ya kama ni: ashe mutane ba sa tantance mai magana, tari kawai suke jira. Daga nan na daina kwaikwayo don a yi dariya, na koma yi don a yarda.

Akwai abokin aikina Isufu, ɗan Garu, wanda ya tafi neman arziki Gabon, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Na san muryarsa, na kuma san mahaifiyarsa, Inna Gambi, mai noman shinkafa a bakin kogi. Na kira ta.

"Inna, ni ne Isufu."

Ta fashe da kuka. "Ɗan nan, ashe kana raye?"

Na ce mata an tsare ni a hanya, sai an biya za a sake ni. Ta sayar da shinkafarta, daga baya ta sayar da saniyarta, ta aiko da kuɗin ta hannun wani yaro da na tura. Abin da ban zata ba, sai ta riƙa kira ba don komai ba, don ta ji ko na ci abinci. Ni kuma ina amsawa, har ina jin daɗin yadda na iya.

Ana gab da Babbar Salla, Isufu ya dawo da ƙafarsa. Uwar ta tambaye shi yadda aka sake shi, ya ce shi ba a taɓa kama shi ba. Yaron aikena aka fara cafkewa, shi ya kai jandarma ƙofar ɗakina.

A kotu alƙali ya ce bai yarda mutum zai ruɗi uwa da muryar ɗanta ba, in yi ya ji. Na ce, "Inna, ni ne Isufu." Mutane suka kwashe da dariya. Inna Gambi ba ta yi ba. Ta waiga tana neman ɗanta, alhali yana zaune kusa da ita, yana riƙe da hannunta. Ranar na san girman abin da na yi.

A gidan kaso na haɗu da wani dattijo tela, shi ya koya mini ɗinki. Na taɓa ce masa ni ma ai kwaikwayonsa nake yi. Ya ce, "A'a, yaro. Wanga koyi ne. Mai koyi yana bin mutum don ya zama kamarsa. Mai kwaikwayo yana ɗaukar kamanni, ya san ba shi ba ne, masu kallo ma sun sani. In kuwa mai sauraro bai sani ba, sunan abin sojan gona." Na daɗe ina juya kalmomin nan uku, ina auna inda na zame daga ɗaya zuwa ɗaya.

Da aka sake ni, na hau babur zuwa Garu. Na tarar da Inna Gambi tana shanya shinkafa, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta dube ni da kyau. "Na yahe maka, don Allah yana son mai yafiya. Amma kada ka ƙara ce mini Inna. Ko ɗana ya kira ni a waya yanzu, sai na tambaye shi sunan kakarsa."

Yau ina da keken ɗinkina a bakin kasuwa, na tuba, ina neman halalina. Ku matasa masu baiwar baki, ban ce ku daina kwaikwayo ba. Ku yi shi a fili, gaban wanda ya san ku ne. Amma duk ranar da kuka ga sai kun ɓoye fuska kafin muryar ta yi aiki, ku rufe baki. An mayar wa tsohuwar nan saniya, amma har yau ba ta yarda da muryar ɗan da ta haifa.