Gwaggo Mai Wankin Kwalabe

Shekara ashirin da biyu Gwaggo ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, haka dai muka tarar ana kiranta. Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, kuma da soso da sabulu ta reni 'ya'ya huɗu. Gajera ce, sai ta taka akwatin katako take kaiwa bakin famfo.

Ni kuwa na zo da sabon digiri, ina ji da kaina. Aikina a kan ribosom ne, 'yan mitsi-mitsin injinan da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta. Na taɓa yi mata bayani, ba don ta tambaya ba. Na ce suna bin saƙo ne a jere, idan saƙon ya lalace na gaba ya cije, na baya ya buge shi, wannan karo da suka yi da juna ne ke sanar da ƙwayar cewa akwai matsala, sai ta rage aiki ko ta mutu. Gwaggo ta ce ta gane, ta kuma roƙe ni in matsa mata daga bakin famfo.

Wata uku ƙwayoyin halittar da nake gwaji a kansu suna nuna alamar karon nan ba tare da na yi musu komai ba. Na ce na gano sabon abu. Na yi rubutu shafi arba'in, na sayi sabuwar riga, na tara abokan aiki. Ina tsakiyar jawabi ta shigo kwashe kofuna, ta tsaya a bayana ta yi ƙasa da murya.

“Dakta, fitilar nan mai ruwan shuɗi ta cikin kabad ba ta mutuwa idan ka kashe ta. Sau biyu ina gaya maka.”

Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ce, haskenta na lalata saƙon da ribosom ke bi, a ƙarƙashinta kuma nake ajiye farantan da ƙwayoyina ke ciki. Na tuna ta gaya mini, na ce mata “to, madalla” ina duba waya.

Aka gyara maɓallin fitilar, babban bincikena ya ɓace a kwana biyu. Gwaggo ba ta sake tayar da zancen ba. Bara ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa. Da na je gaishe ta, ta gabatar da ni ga jikokinta a matsayin mai ilimi sosai, ta ce sai dai a riƙa yi mini magana da ƙarfi.