Kujerar Bakin Taga

Shekara takwas ke nan cif da aka binne matata Ramatu a nan Jidda. Da za a ce in zaɓi abu guda in warware daga cikin abin da na aikata a duniya, zan zaɓi wata azahar a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa a kudancin Masar, inda na shige gaba na hau jirgi ban waiwaya na ga ko tana bayana ba. Ban taɓa faɗa wa kowa maganar yadda take ba, har 'yarmu Nafisa. Yau na ce bari in rubuta, tunda masu wannan shafi sun ba ni fili. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ramatu 'yar Nguru ce. Mahaifinta leburan reluwe ne, gidansu na kallon layin dogo, ta iya ƙirga taragu tun kafin a sa ta makarantar allo. Na auro ta na taho da ita Jidda, muka zauna a ɗaki biyu a bayan unguwar Balad sama da shekara talatin. Ni ina gadin sito a unguwar masana'antu, ita tana yin dambun nama da yaji tana sayar wa mutanenmu. Duk tsawon zaman nan ba ta sake jin kukan jirgin ƙasa ba, don a lokacin babu shi a Jidda. Wani lokaci in babbar mota ta wuce ta girgiza taga, sai ta dakata da abin da take yi ta saurara, sannan ta ci gaba.

Nafisa ce ta haɗa tafiyar. Ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ne. Bayan ta fara aiki a wani kantin magani a unguwar Aziziyya, sai ga ta wata rana da jakunkunan goyo guda biyu, irin na Turawa masu yawon duniya, ɗaya shuɗiya ɗaya ja. Ta ce, "Halas, Baba, kafili, ubangidanka na wurin aiki, ya yarda. Ku je Masar, Umma ta hau jirginta ta ƙoshi." Na ce tsofai-tsofai da mu za mu goya jaka kamar 'yan makaranta? Kafin in rufe baki Ramatu ta saɓa jar a kan abayarta, tana zagaya ɗaki da ita. Ta ce, "Malam, na goya wannan ƙatuwar har ta shekara uku. Jaka ce za ta gagare ni?"

Kwana goma sha shida muka yi. Daga Alƙahira muka hau zuwa Iskandariyya, muka dawo, sannan muka bi Kogin Nilu zuwa kudu, muna sauka a garin da ya yi mata. Mukan kama ɗaki mai sauƙi kusa da tasha, mu karya da wake da gurasa, ta barbaɗa yajinta a kai. Ta wanke safa ta ɗaure a bayan jaka ta bushe muna tafe. A cikin jirgi kujerar bakin taga tata ce, ba a gardama. Tana kallon gonakin rake da jakuna da mata masu wanki a bakin ruwa, tana ce mini in duba, ni kuwa ina lissafin yadda gwiwata take ciwo. Mun yi musu a kan alƙibla sau da yawa, don jirgi yana karkata kana cikin raka'a. Mun yi faɗa a kan murfin filas da na bari a wata tasha. Akwai ranar da wani manomi ya shigo da agwagi a kwando, ɗaya ta zaro kai ta cafke gurasar da ke hannuna, Ramatu ta yi dariya har sai da ta kama ƙarfen kujera. Kowa a taragon ya ɗauka mu mutanen Sudan ne, ta gaji da gyara musu, ta ce to mu ne.

Akwai hali guda da na taho da shi daga gida, kuma hali zanen dutse ne. Ban taɓa jerawa da ita a hanya ba. Haka na ga mahaifina yana yi: namiji a gaba, mace a baya da taku goma ko ashirin. A lungunan Balad haka muke, a Harami haka muke. Zaman Jidda kuma ya ƙara mini wani, wato riƙe takardu. Duk wanda ya zauna a nan ya san iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce mutum, in babu ita ba ka da baki a gaban kowa. Saboda tsoron kada ta ɓata, tata kullum tana aljihuna tare da tawa. A Masar ma haka na yi. Fasfo biyu, tikiti biyu, wayar da Nafisa ta ba mu, duk suna aljihun ƙirjina. Ina ganin kulawa ce nake yi.

A kwana na goma sha ɗaya muka sauka a wannan ƙaramar tasha don mu canja jirgi. Muka yi azahar a ƙarshen dandamali, inda akwai inuwa. Jirgi ya iso, taragonmu ya tsaya can wajen wutsiyar jirgin da nisa, kuma an gaya mana ba ya daɗewa. Na ce mata yalla mu tafi, na ɗauki jakata na miƙe. Na kutsa cikin mutane, na hau, na nemo lambar kujerunmu, na ɗora jaka a sama. Na cire hulata na ajiye a kujerar bakin taga don kada wani ya zauna mata. Na zauna ina jin daɗin na yi dabara. Sai jirgi ya motsa.

Ta tagar nan na gan ta. Tana tsaye a tsakiyar dandamali, hannunta ɗaya a jikin ginshiƙi, jar jaka a bayanta. Ba ta gudu, ba ta ɗaga hannu. Bakinta a buɗe yake kamar mai neman iska. Taragonmu ya wuce ta gabanta a hankali, muka haɗa ido, sannan gonakin rake suka rufe ta. Mai duba tikiti ya zo ya ja layi da biro a nawa, ya dubi na biyun, ya dubi hular, ya tambaye ni ina mai kujerar. Na ɗauke hular na riƙe a hannu.

Tasha ta gaba tana da nisa, jirgin dawowa kuma bai zo da wuri ba. Sai bayan la'asar sakaliya na iso. A cikin waɗannan sa'o'i matata tana zaune a ƙasar da ba ta san kowa ba, babu fasfo, babu waya, babu wata takarda da za ta nuna ko wace ce ita. Na same ta a kan benci kusa da wata dattijuwa mai sayar da shayi, ta buɗe ledar dambu suna ci tare. Na yi ta shirya magana a hanya. Amma da na tsaya a gabanta, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke wai ba kya sauri ne?"

Mai shayin ba ta jin Hausa, amma ta gane muryar. Ta zazzaga mini Larabcin Masar, abin da na tsinta kawai shi ne in ji tsoron Allah. Ramatu ta dafa ta. Ta ce da ni, "Malam, ai na ce ka jira ni. Sau biyu."

Na ce, "Ban ji ba."

Ta ce, "Na sani. Ƙeya ba ta da kunne." Ta miƙo hannu. "Ba ni takarduna. Har da tikitin."

Na ba ta. Da wani jirgin ya zo, na kai hannu zan ɗaga mata jaka, karo na farko tun da muka bar Jidda, sai na ji ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Da muka zauna a ciki na buɗe. Takalmina na biyu, dardumata, magungunana, filas, duk suna ciki. Ashe kullum da safe tana kwashe kayana tana mayarwa cikin tata saboda gwiwar da nake ta ƙorafi a kai. Nan ma Allah ya ba ni dama. Na ce, "Me kika cika a ciki haka?" Ta juya ta kalli taga.

Muka ƙarasa tafiyar lafiya. Ta ci gaba da dariya, ta ci gaba da nuna mini jakuna. A Aswan ta sayo wa Nafisa gyale. Muka dawo Jidda, ta ɗinka wata 'yar jaka ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi, ta sa iƙamarta a ciki, ba ta sake ba ni ba. Bayan wata huɗu likita ya ce zuciyarta ta daɗe da rauni, numfashin da take nema a bakin ginshiƙi ba rashin sauri ba ne. Jiki magayi, amma sai ga mai dubawa. Ta yi wata bakwai tana jinya. Na kai ta asibiti, na kawo magani, na yi duk abin da ake yi. Kalma biyu ce ban faɗa ba, yi haƙuri. Kullum ina cewa sai ta ɗan samu sauƙi, kada in tayar mata da abin da ya wuce.

Matan da suka yi mata wanka suka aiko mini da 'yar jakar wuyan. Iƙamarta na ciki, da tikitin ranar nan a ninke, babu layin biro a jikinsa. Shekara takwas ina juya shi. Ban sani ba ko ta ajiye shi ne don abin ya tsaya mata a rai, ko don dai tikitin jirgi ne, ita kuwa 'yar reluwe ce. Babu wanda zan tambaya. Ban yi kuka ranar ba, kuma har yau ban yi ba. Abin ya zauna mini ne kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ina taɓawa ba na jin komai.

Yanzu Jidda tana da jirgin ƙasa, mai gudu kamar walƙiya, daga nan zuwa Makka da Madina. Bayan rasuwarta aka fara shi. Nafisa ta kai ni sau biyu. Babu agwagi, babu mai shayi da butarsa yana ihu, taga ba ta buɗewa. Ina jin da Ramatu ta hau za ta ce wannan ai bai bar mutum ya ga komai ba, ya za a yi a ƙirga taragun abin da ya wuce kafin ka ɗaga kai? Amma za ta nemi bakin taga duk da haka. Nakan ga matasa da matansu, kowa da jakar goyonsa, kowa da tikitinsa a cikin wayarsa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa. A da zan ce rashin kunya ne. Yanzu ina kallonsu ne kawai. Wasu kuma har yau namijin na gaba yana latsa waya, matar na baya da yaro da kaya, sai in ji kamar in kama rigarsa.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa. Jar jaka tana saman kabad a gidan Nafisa, inda nake zaune yanzu. Yajinta Nafisa ta koya, ko da yake bai kai ba. Sai dakatawar nan da take yi in taga ta girgiza, na tarar ni ma na ɗauka ban sani ba. Ranar jana'izarta aka ɗauke ta aka yi gaba, ina biye da taku goma ko ashirin. A aurenmu duka, ranar ce kaɗai ta shige gaba na bi bayanta, kuma ba ta da halin waiwayowa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce da na sani ƙeya ce. Na san karin maganar biyu tun ina yaro, ba su hana ni komai ba. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi wa Ramatu addu'a, Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini. Sannan in kana da abokiyar tafiya, ka ɗaga jakarta ka ji nauyinta, ka bar mata takardunta a hannunta. Kada ka sa ƙafa a jirgi sai ka ga ta hau. In kuwa ka riga ka yi irin nawa, kuma tana da rai, ka ajiye jaridar nan ka je ka faɗa mata kalma biyun tun tana ji.