Malam Mai Usur da Yaran "Saura Ɗaya"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, muna cikin darasin safe, shugaban makaranta ya leƙo ajina ya ce Allah ya yi wa malamin wasanninmu rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Yaya, haka nake kiranka tun da muka haɗa teburi a ofishin malamai. Na zauna in rubuta maka ta'aziyya da hawaye, sai ga shi ina ta murmushi ni kaɗai.

Na tuna shekarar da aka buɗe shagon cacar ƙwallo daura da ƙofar makaranta. Kafin zango ya ƙare, 'yan ajin ƙarshe sun canza mana. Ina rubutu a allo, idanunsu na kan waya a ƙarƙashin benci. Yaron da ya san sunan mai tsaron gidan kowace ƙungiya ya kasa kawo aikin gida. Da jarrabawar gwaji ta fito, har masu ƙoƙarin cikinsu sun zube. Shugaba ya fusata, ya ce zai kori waɗanda aka kama suna caca, ga babbar jarrabawa ta matso.

Kai ka miƙe a taron malamai ka ce, "Ranka ya daɗe, in ka kore su, mai shago ka yi wa kyautar ɗalibai. Ba ni su."

Washegari ka ɗauki kujera ka dasa a bakin shagon, da usur a wuya. Duk mai kayan makarantar da ya doso, sai ka busa masa, ka zaro jan kati daga aljihu. Masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo. Mai shagon ya fito yana roƙo, "Baba, don Allah, kana kashe min kasuwa!" Ka ce, "Ɗana, ni ma kasuwata kake kashewa." Daga baya shi da kansa yake korar 'yan makaranta, don dai ka tashi.

Ka tara yaran a fili ka tambaye su me suka taɓa ci. Kowa ya rantse saura wasa ɗaya ya ci. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka kafa musu ƙungiyar ƙwallo, ka raɗa mata suna "Saura Ɗaya". Dokarka kuwa, ba mai taɓa ƙwallo sai malamansa sun shaida ya yi aikinsa. Da idona na ga ƙaton ɗan gaba yana bin malamar lissafi har bakin ƙofa yana cewa, "Malama, ki taimaka ki duba min, gobe akwai wasa."

Ranar da suka kara da malamai, ka nace kai za ka buga fanareti. Ƙwallo ta bi ta kan katanga, takalminka ya bi ta cikin raga, kuma har ka bar duniya kana cewa an ci.

Ba duka ka ceto ba. Ɗaya ya bar karatu, ka daɗe kana zuwa gidansu, abin yana damunka. Amma sauran sun zauna jarrabawa, mafi yawansu suka haye. Su ne na gani ranar jana'iza, manya da gemunsu, suna rige-rigen ɗaukarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, wadda ta sha wankin rigunan ƙungiya ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanka da jikokinka da ɗalibanka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka ƙi yarda a kori 'ya'yan mutane, kai ma Allah ya karɓe ka da rahama, ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.