Bawa Katse da Layin Argungu

Duk wanda ya taɓa ɗaga tarho a Birnin Kebbi zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato, ya san muryar taubashina Bawa. Ba sallama, ba komai, sai dai ka ji: "Wa kaka nema? Hwaɗi maza!" Shi ne mai haɗa kira a gidan waya, mai soka igiya a allon layuka. Layi biyu kacal suka nufi Argungu, gari guda na rububinsu, shi kuwa ya rantse ba mai tsallake wani. Tsohuwarsa, Inna, tana can Argungu, amma ko ita sai layi ya zo kansa yake jin muryarta.

Gaisuwa ce babbar abokiyar gabarsa. Ran nan Alhaji Mamman mai albasa ya samu layi, ya gyara zama: "Kun kwan lahiya? Ina gajiya? Ina ɗiya? Ina awaki?" Bawa ya zare igiya, ƙit!

"Bawa! Ban hwaɗi komi ba!"

"Shi ya sa, Alhaji. Mai abin hwaɗi na nan yana jira."

Daga nan sunan Katse ya bi shi.

Da damina kuwa, manoman Zauro kan cika gidan waya, kowa na son jin ko gulbi ya taso a Argungu, don su san makomar shinkafarsu. Sai Bawa ya kira sau ɗaya ya tambaya, sannan duk wanda ya ce Argungu, ya amsa masa: "Ruwa ya taso, aje!" Wani bawan Allah ya yi ihu: "Ni matata nika nema!" Bawa ya ce, "Ita ma ya taso mata. Aje!"

Ni da nake taubashiyarsa na ɗauka ina da gata. Na dama fura mai kyau na kai masa, don ya tura ni gaba. Mutumin nan ya shanye tas, ya suɗe ludayi, ya ce, "Hurar ta yi daɗi. Ke ce bayan mai gyaran keke." Kai, Bawa! Allah ya isa furata.

To, wata ranar kasuwa da hantsi, ina zaune a benci cikin masu jira, sai ga direba daga Argungu da saƙo: jikin Inna ya yi tsanani, an ɗauke ta zuwa gidan maƙwabci mai tarho, sunan Bawa kawai take kira. Abokin aikinsa bai zo ba, ba halin ya bar allo. Igiya tana hannunsa, ba mai hana shi. Wallahi sai ya leƙo ta taga, ya dubi ta ƙarshen layi ya ce, "Ni ne bayan Hajiya mai atamfa."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na faɗa wa mutane abin da ke faruwa. Da layi ya samu, Bawa ya kira Alhaji Mamman, don shi ne na gaba.

"Na hwasa," in ji Alhaji.

"Ba a hwasawa!"

"Tarhon ubanka ne? Na ce na hwasa!"

Na bayansa ma ya ce ya fasa. Haka suka yi ta zamewa har Hajiya mai atamfa, Bawa na zaginsu ɗaya bayan ɗaya wai sun ɓata masa tsari. Da ya ga ba kowa gabansa, ya soka igiya, ya samu Inna. Kafin la'asar Inna ta cika.

Na yi shekaru ina zolayarsa kan komai, ban da wannan rana. Sai da ya tsufa na tambaye shi abin da ta ce masa. Ya ce, "Tambayata tay yi, wai na ci abinci?"

Allah ya jiƙan Bawa, ya jiƙan Inna, ya sada su inda babu jira. Amin.