Daɓen Ɗiyar Fari

A wajenmu mace ba ta nuna tana son ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka tana cikin jama'a sai ta kau da kai har wata ta ce mata ta ɗauke shi. Kunya ake kiran abin, kuma ana yabon mai ita. Ni an yabe ni ƙwarai, har ana ba amare misali da ni. Yau in na tuna yabon nan haushi nake ji.

Daga Gummi aka kawo ni Dareta, gidan Goggo ƙanwar babana, na auri ɗanta na biyu. Ni na so shi, ba wanda ya matsa mani. Abin da ban so ba shi ne ɗakin da aka sa ni. Bangon ya yi baƙi da hayaƙi, daɓen ya farfashe, gara ta yi hanyoyi har kusa da rufi. Ni kuwa na tashi a hannun uwa mai tsabta da son ado, wadda duk unguwarmu ba a daɓen ɗakin amarya sai an kira ta. Na gaji hannunta, na kuma gaji girman kanta. Goggo 'yar birni take ce mani, musamman in ta ga ina share tsakar gida karo na uku.

Shekara uku ina zaune ko ɓatan wata ban yi ba. A ta huɗu na samu ciki, daidai lokacin da zinariya ta haukata garin. Maza suka bar gona suka koma ramuka, maigidana na cikinsu. Da buhu-buhu suke shigo da dutse cikin gida. Injin da ke niƙa mana dawa ya koma niƙa dutse, mu mata muna daka ragowar a turmi, a turmin da muke daka hatsi. In an wanke garin dutsen an tsince abin da ake nema, sai a zubar da sauran a bayan rumbu. Haka ya taru ya yi tsibi, ba mai kallonsa sai kaji.

Ni na kalle shi. Ƙasa ce mai laushi kamar garin tuwo, toka-toka, in rana ta haska ta sai ta riƙa ƙyalli irin na kwalli kafin a niƙa shi.

Mai cikin fari ba ta sayen rigar jariri, ba ta ɗinka hula, ba ta ko ambaton abin da ke cikinta. Ni kuwa zuciyata ta cika har tana neman fashewa, kuma ba inda zan zuba ta. Sai na ce wa Goggo ina son in sake daɓen ɗakina kafin damina.

Ta dube ni, ta dubi cikina. Ta ce, "Daɓe, da wanga ciki? Halan baƙo muka jira?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, gara ta tac cinye ɗakin."

Ta ce, "To, Allah shi kawo muna garar lahiya."

A lungun ƙofa na fara gwadawa. Na haɗa ƙasar bayan rumbu da tsakuwa, na yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi duhu. Da ya bushe na shafa da tafin hannu, na ji santsi, na ga ƙyallin nan ya fito ta cikin duhun makubar. Ko innata ba ta taɓa yin irinsa ba, kuma wannan tunanin ya yi mani daɗi fiye da yadda ya kamata.

Na gayyaci matan unguwa. Muka fitar da kaya, muka fasa tsohon daɓen, ni da kaina na riƙa jido ƙasar da kwano ina tankaɗewa da rariya don kada ko ɗan dutse ɗaya ya soki gwiwar mai rarrafe. Ban faɗa wa kowa dalilin tankaɗen ba. Mata suka durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa suna tsokanata, ina yi kamar ban ji ba. Kwana uku ana yayyafi ana bugu. Bangon kuma na shafe shi da ƙasar nan tun daga ƙasa har zuwa ƙugu, sama na sa farar ƙasa, tsakaninsu na ja zane da yatsu uku yana zagaye ɗakin. Na wanke kwanukan jerena da toka na sake jera su, na rataya sabon labule mai ruwan ganye, na matsar da gado jikin bango don fili ya samu a tsakiya.

Ranar kasuwar Anka maigidan ya dawo da leda a naɗe a bayan babur, irin mai zanen furanni da ake shimfiɗawa a ɗaki. Yana murna ya ce ga tasa gudummawar. Na ce in rufe wannan daɓen da roba? Na ce ya kai wa Goggo. Ya yi dariya ya kai mata, ita kuwa ta shimfiɗa a ɗakinta tana cewa 'yar birni ta fi ƙarfin leda.

Da ciki ya tsufa aka mayar da ni Gummi, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na haifi mace. Na yi wankan jego, na dawo Dareta da ita a baya ta yi ɓulɓul. Da na tura ƙofar ɗakin na same shi yadda na bar shi, ko tsaga ɗaya babu.

In muna mu biyu a ciki, ba irin shirmen da ba na yi mata. Ina cizon 'yan yatsunta, ina hura mata ciki, ina raɗa mata sunanta a kunne. Amma da na ji takun mutum a ƙofa sai in dire ta ƙasa in ɗauki tsintsiya ko tsinkin saƙa, in haɗe rai. Kuma takun ba ya yankewa, don ɗakin ya yi suna, mata har daga wasu unguwanni suna zuwa kallo. Kowace baƙuwa ta tarar da ni can gefe, yarinya kuma a kan daɓe. Su ce kai, wannan akwai kunya. Ni kuma in ji kaina ya yi girma sau biyu, na ɗaki da na hali.

A kan daɓen ta koyi zama, a kansa ta yi rarrafe. Ƙyallin yana ɗaukar mata hankali, ta riƙa ƙwaƙular sa da farce tana kaiwa baki. Da ta fara kama bango tana miƙewa, sai ta manna baki tana lasa. Sau ɗaya na tashi zan janye ta a gaban Goggo, Goggo ta ce, "Ƙyale ta. Wa yag girma bai ci ƙasa ba?" Na koma na zauna da sauri, ina jin kunyar an ga na damu.

Sai yara suka fara mutuwa a garin. Yau a wannan gida, gobe a wancan. Yaro ya yi amai, ya daina cin abinci, ya fara jijjiga, shi ke nan. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne, aka yi rubutu aka yi turare. Ni na ƙara tsare tawa a ɗaki, na hana ta fita tsakar gida, a ganina nan ne wurin da ya fi ko'ina tsabta a duk Dareta.

Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa na ji shiru ya yi yawa. Na waiga na ga ta sanƙare a kan daɓen, idanu sun kafe, kumfa a baki. A lokacin ma'aikatan lafiya sun riga sun shigo garin suna ɗibar jinin yara, su suka ce gubar dalma ce, kuma a cikin dutsen zinariyar take. A ranar aka ɗauke mu a mota zuwa asibiti a Anka, ni da ita da Goggo.

A can kunyata ta ƙare. Ɗakin cike da mata da yara, ga ma'aikata, ga Goggo a gefena, na ɗago yarinyar na kira sunanta da ƙarfi. Karo na farko ke nan da wani mahaluƙi ban da ita ya ji sunan daga bakina. Na sake kira, na sake. Ba ta juyo ba. Goggo ta gyara mani mayafina da ya zame.

Ta rayu. Mun yi makonni ana ba ta magani, jijjigar ta tsaya, ta fara karɓar kunu. Aka ce kada a mayar da yara gida sai an kwashe ƙasar gidajen, don haka na bar ta wurin Goggo na zo ɗaukar kaya. Na tarar da masu aikin kwashe ƙasar a gidanmu, sun kankare tsakar gida suna zubawa a buhuna. Wani mai magana irin ta mutanen Gusau yana riƙe da wani abu kamar babbar tocila, yana ɗora bakinta a ƙasa yana karanta lambar yawan gubar. Ya yi sallama ya shiga ɗakina, ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Wa ya yi wannan daɓen?"

Na ce, "Ni ce." Kuma Allah shi ne shaida, har a wannan lokacin sai da na ji ɗan daɗi ya tsarga mani.

Ya ce, "Hannunki da kyau." Ya durƙusa ya ɗora abin. Ya duba, ya ɗaga, ya matsa ya sake ɗorawa. Ya gwada bango. Sannan ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa, suka duba tare. Ya tambaye ni da me na haɗa, na faɗa masa. Ya tambaye ni ina yarinyar take wuni.

Na nuna masa tsakiyar ɗakin.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi a hankali, ko gindin turmin tsakar gida bai kai ɗakin nan guba ba. Suka kawo diga. Daɓen bai ba su haɗin kai ba, sai da suka yi gumi, digar tana tsalle tana dawowa, don aikin ya yi kyau. Ina tsaye a ƙofa har suka kankare bangon zuwa ƙugu, zanen yatsuna ya bi buhu.

Maigidan ya jira sai da suka tafi. Ya ce, "Da kin bari anka shimhiɗa ledar nan, da duk ba a kai ga haka ba."

Na ce, "Wa yak kawo dutsen cikin gida? A kaina anka ɗauko shi?"

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mun faɗa wa juna maganganu ranar waɗanda ba a mayar da su ciki. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne duk mu biyun gaskiya muka faɗa. Da Goggo ta dawo ta ji, cewa ta yi mu yi shiru, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musu ba. Amma na san hannun da ya riƙe rariya.

Maigidan bai daɗe ba ya koma rami, sai dai yanzu a bayan gari ake niƙa. Muna nan tare. Na haifi wasu uku a kan siminti tsirara, na goya su har sai da bayana ya gaji, na kira sunayensu a gaban duk wanda ya ga dama ya ji. Aka ce 'yar birni ta zubar da kunya. Na ce a bar ni da rashinta.

Ɗiyar farin kuwa ta girma, ta fi ni tsawo. Tana tafiya, tana cin abinci da kanta, tana son zama kusa da ni. Sa'o'inta suna da goyo, ita ba ta iya ɗaura zani ba. Magana kuma ba ta da tata, abin da ka faɗa mata a ƙarshe shi take mayar maka.

Bara, ana gobe za a ɗauki azumi, lokacin da kowa ke neman gafarar kowa, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso. Ba kowa a gidan. Na faɗa mata duka, tun daga tsibin bayan rumbu har ledar da na ƙi, har yadda nake dire ta in na ji taku. Na yi maganar a bayan kanta, don ba zan iya a gabanta ba. Da na gama na ce, "Ki yahe mani."

Ta juyo tana murmushi ta ce, "Ki yahe mani."

Bakina ya riga ni. Abin da ake cewa na ce, "Na yahe."

Ta ce, "Na yahe."

Kalmar da na yi shekaru ina so in ji ke nan, da muryarta, kuma ni na sa mata ita a baki. Na juyar mata da kai na kama kitson inda na tsaya.