Takardar da Kaka Ya Ba Ni

Ina cikin jirgin ƙasa na cikin gari, layin Green Line, na kusa sauka, Mama ta kira. Ko gaisuwa ba mu yi ba. Ta ce, "Kakanki ya cika yau a Zariya. Har an kai shi." Na yi innalillahi a hankali. Sai da jirgin ya wuce tashata da biyu sannan na lura.

Mahaifin Mama ne. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya aka kawo shi nan ƙasar waje, gidanmu na haya a Hyattsville, don a yi masa aikin ido, ya shekara biyu tare da mu. A reluwe ya ƙare ƙuruciyarsa. Aikinsa bin layin dogo a ƙafa da guduma, yana bugun ƙarfe yana saurare. Ya ce noti mai lafiya ƙararsa daban take da ta wanda ya kwance.

Zaman ɗaki ya dame shi, sai Baba ya riƙa kai mu bakin kogin Potomac ranar Lahadi. Akwai wurin hayar kwale-kwale, da teburan cin abinci a gindin itatuwa, da tsohon kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, wanda aka ce a da alfadarai ke jan jiragen kaya a cikinsa. Idan sanyi ya wuce, masu fatsa sukan cika bakin ruwa, ƙarnin kifi ya gauraya da hayaƙin gawayi. Duk wannan bai dami Kaka ba. Abin da ya gani tsohuwar gadar jirgin ƙasa ce ta baƙin ƙarfe a saman kanal ɗin, wadda aka cire wa layi aka mai da ita hanyar masu tafiya da masu keke.

Da ni ake haɗa shi, saboda idonsa. Ba ya hawa gadar sai ya tsaya ya dafa ƙarfenta tukuna, kamar yadda ya saba jin ko jirgi na tafe. Daga nan ya bi ta gefe da sandarsa mai bakin ƙarfe, yana bugun kowane ginshiƙi. Masu gudu suna kauce masa, wasu suna waiwaye. Ni kuwa nakan yi gaba kamar ban san shi ba.

"Amarya, gudun mijinki kike yi a gaban Turawa?"

Da Turanci nake ba shi amsa, don na san ba ya ji.

Wata rana, lokacin da ganye ke zuba, ya tsaya wuri ɗaya ya buga sau uku.

"Zo ki ji. Wannan ya kwance."

Ban ji komai ba. Na ce, "Kaka, jirgi fa ba ya bi ta nan."

"Mutum fa? Shi ma ba ya bi?"

Da muka koma gida ya zaunar da ni. Yana faɗa da Hausa, ina rubutawa da Turanci: ginshiƙi na tara daga ɓangaren gari, hannun hagu, noti na ƙasa. Ya sa hannu da ajami, ya rubuta tsohuwar lambarsa ta aiki a ƙasa. Baba ya nemo adireshin hukumar da ke kula da wurin, aka manna kan sarki, aka ba ni in jefa a akwatin wasiƙu a hanyar makaranta.

Na tsaya gaban akwatin na daɗe. A raina ina ganin wasu mutane a ofis suna miƙa wa juna takardar suna dariya, da sunan gidanmu a jikinta. Na mai da ita jakata. Da yamma ya tambaye ni, na ce na aika. Ya sa mini albarka.

Bayan ya koma gida, kowace Sallah idan aka miƙo mini waya, in na gama gaishe shi sai ya ce, "Amarya, sun ɗaure?"

"Sun ce za su duba, Kaka."

Ya yi dariya. "Ashe ko'ina haka suke. Ba komai, mu dai mun sauke nauyi."

Wannan "mu" ɗin ya fi komai yi mini ciwo.

Gadar tana nan. Mutane sun ƙaru a kanta, kekunan sun ƙara gudu, kowa da abin saurare a kunne, babu mai jin ƙarar ƙarfen da yake takawa. Na san akwai injiniyoyin da ke duba ta da na'urori, wataƙila an ɗaure notin tun tuni, wataƙila ma kunnen tsufa ne. Ba wannan ke damuna ba. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa kama shi da ɓoye rahoto ba ya damƙa mini na ƙarshensa, ya kuma rasu yana ganin ya isa inda ya aika shi.

Fiye da shekara goma ina cewa Sallah mai zuwa zan faɗa masa gaskiya, in roƙe shi ya yafe mini. Takardar tana cikin akwatina, ba a buɗe ba. Ban aika ba, ban kuma faɗa masa ba.